Matakai Uku da Malam Fan Ya Aske

Tudun Chiang, tara ga wata na huɗu

Zuwa ga uwargidana Yu-mui, Maman Pei-lan, a gidan surukinmu da ke Kaohsiung.

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kin sauka lafiya, jirgin ƙasa kuma bai jijjiga miki ƙugu ba. Ina fatan 'yarmu Pei-lan tana nan da ƙarfinta, kuma za ta sauka lafiya idan lokaci ya yi. Game da lafiyata, ina farin cikin sanar da ke cewa tana nan daram, in ban da gwiwar hagu wadda ta shiga adawa da ni tun ranar da na ajiye alli. Sai kuma shinkafa, wadda har yanzu ba mu fahimci juna ba. Ranar farko ta fito kunu, rana ta biyu ta fito tsakuwa.

Bayan haka, kin tuna umarnin da kika ba ni a tasha, kina rungume da kwandon kaji: "Baban Pei-lan, kada ka taɓa komai a gonar shayi." Miji mai gajeren tunani zai ɗauki wannan a matsayin raini. Amma ni, da na shafe shekara talatin da uku ina koyar da adabi a birni, ina dawowa gida hutu kawai, kuma na karance tsofaffin littattafan hikimar nan da ake kira Hanya har bangonsu ya saɓule, na gane cewa kin faɗi a jimla ɗaya abin da masana suka cika kundaye suna bayani: duniya tana tafiya daidai muddin ɗan Adam ya janye hannunsa. Saboda haka na duƙufa ga rashin yin komai, da irin himmar da ban taɓa ba wa wani aiki ba. Kullum da safe nakan fitar da kujerar gora bakin ƙofa, in dubi matakan gona goma sha ɗayan nan da mahaifinki ya sassaƙa a jikin tudu, su ma su dube ni. Kawo yanzu babu wanda ya cuci wani.

Jiya yayanki A-Kun ya hawo, ya same ni a kan wannan aiki.

"Malam, ana fama?" in ji shi.

"Ana fama, Yaya. Ina barin abubuwa su zama abin da suke."

"To, sannu da ƙoƙari. Ka riƙa hutawa dai, kar ka kashe kanka."

Ya daɗe yana kallon gonar, ya ce duk maƙwabta sun tumɓuke shayi sun dasa lemu. Don in sanyaya masa rai, na dafa masa shayinmu na bara mai ƙamshin zuma, na kuma sake yi masa bayanin da na saba yi wa baƙi, cewa ƙamshin nan yana samuwa ne daga haɗuwar gajimaren tudu da raɓar asuba a kan tohon ganye. Bayanin ya ratsa shi har ya ƙware, sai da na bubbuga masa baya.

Mijinki mai biyayya ga umarni,
Fan Ching-lu

Kaohsiung, sha biyar ga wata na huɗu

Baban Pei-lan,

Ina gaishe ka, da fatan gwiwar ta sassauta. Ka sa mata man nan da ke saman kabad, ba jar kwalbar ba, wannan na ƙofa ne. Ruwan shinkafa kuma ya wuce ta da gaɓar yatsa ɗaya. Sau uku na nuna maka.

Albishirinka, Pei-lan ta sauka ranar sha biyu, namiji. Ita da shi lafiya lau. Yaron yakan buɗe baki ya yi ta bayani babu mai gane abin da yake cewa, kowa ya ce kai ya ɗauko. Mun shiga zaman jego na wata guda. Ba wanke kai, ba fanka, ba ruwan sanyi, kullum kaza da citta da man riɗi. Tana roƙona kankana kamar fursuna, ni kuwa ko gezau. Ba zan motsa daga nan ba sai an yi bikin cikar wata.

Yanzu ga maganar da ban gaya maka ba, don kada ka rubuta waƙa a kanta. Ka san gonar nan tamu ce mu biyu, ni da Yaya. Ni nake kula da itatuwa, shi yake sarrafa ganye. Kafin in taho ya tsare ni a gaban allon sunan marigayi Baba, ya ce idan shayin bazarar bana bai yi kyau ba, da an gama Bikin Kwale-kwale na biyar ga wata na biyar zai tumɓuke komai ya dasa lemu. Na amsa masa, don ba ni da yadda zan yi. Itatuwan nan Baba ya dasa su shekarar da aka haife ni. Idan aka cire su, ban san abin da zan riƙa kallo da safe ba.

Abin da nake roƙonka shi ne, kada Yaya ya zo ya ga gonar kamar ba ta da mai ita. Ya san akwai mutum a gidan. Masu tsinkar ganye za su zo ranar biyu ga wata na biyar, na riga na yi magana da su.

Taka,
Yu-mui

Tudun Chiang, sha tara ga wata na huɗu

Zuwa ga kakar jikana, wadda darajarta ta ƙaru da mataki ɗaya.

Gaisuwa da murna. Na sanar da allunan sunayen kakanni zuwan yaron, na kunna turare, na kuma ji daɗin cewa ya gaji baiwar magana. Ki bar shi ya ƙarasa bayaninsa, kada a riƙa katse shi. Lafiyata ƙalau, sai dai yanzu baya ya bi sahun gwiwa, saboda dalilin da za ki ji.

Na karanta wasiƙarki sau shida. Na gane cewa a cikin ladabi kin janye umarnin tasha, kin kafa sabo. "Ya san akwai mutum a gidan." Wannan kira ne ga mazantaka, kuma na amsa. Littattafai ma sun yarda cewa akwai lokacin zama, akwai lokacin tashi, ko da yake sun fi tsawaita bayani a kan na farkon.

Na ɗauki laujenki na shiga gona, karo na farko tun da muka yi aure. Uwargida, ban zarge ki ba, amma abin da na gani ya girgiza ni. Ciyawa har gwiwa tsakanin layuka! Saƙar gizo-gizo ko'ina! A cikin kwana biyu na aske matakai uku na ƙasa tas, har sai da ƙasa ta fito ja kamar kan ɗan makaranta ranar komawa aji. A nan bayana ya miƙa takardar murabus.

Amma babban bala'in yana sama. A matakai takwas da suka rage, tohon ganyen ya ƙanƙance, ya nannaɗe, gefensa ya yi rawaya kamar an gasa shi. Da na girgiza reshe, sai wasu ƙwari kore, ƙanana kamar ƙwayar riɗi, suka yi tsalle dubu-dubu. Suna tsotse gadonki da rana tsaka!

Na gangara wurin Yaya a guje, gwargwadon abin da kalmar gudu take nufi a shekaruna. Na kwashe komai na gaya masa. Ya kalle ni, ya kalli rufin ɗaki, ya sosa ƙeya.

"Ƙwari, ko?" in ji shi. "Kore?"

"Kore, Yaya. Ba su da iyaka."

"To, akwai famfon feshi da na saya saboda lemu, da kwalbar magani. In kana so ka ara."

Dubi karamci daga mutumin da muke zaton abokin gaba ne!

Duk da haka, mai ilimi ba ya gaggawa. Na biya ta ɗakin Kakan Ƙasa, abin bautar ƙauyenmu, da ke gindin tsohuwar bishiyar nan, na kunna turare, na tambaye shi ko in fesa. Na jefa 'yan katakai biyun nan na tambaya. Kin san in ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe an yarda, in duka suka kife an ƙi. Nawa duka biyun suka faɗi a buɗe, wato dariya. Na gyara tambayar da kalmomi masu nauyi, na sake jefawa. Dariya. Na uku ma dariya. Baba Lo mai kula da ɗakin yana gefe yana shara.

"Baba Lo, me wannan ke nufi?"

"Dariya yake yi, Malam."

"Na ga dariya. Fassararta nake nema."

"Ai kai ne mai littattafai. Ni dai in tsoho ya yi mini dariya sau uku, nakan koma gida in duba ko wandona a juye yake."

Na duba, daidai yake. Saboda haka na fassara dariyar da cewa murna ce ta ganin mutum mai himma. Zan jira amsarki zuwa ranar ashirin da bakwai. Idan ban ji daga gare ki ba, zan ɗauki shirunki a matsayin amincewa, in hau tudu in yi abin da ya wajaba.

Mai tsaron gadonki,
Fan Ching-lu

Kaohsiung, ashirin da uku ga wata na huɗu

Ching-lu,

Muna lafiya, ina fatan kana lafiya. KADA KA FESA. Ka ajiye famfon nan. Ka ajiye laujen ma, ka sa shi inda hannunka ba zai kai ba.

Ni cewa na yi Yaya ya ga mutum a gida. Nufina ka hau gonar ka zagaya da hannu a baya, kana gyaɗa kai, yadda kake yi a aji lokacin jarrabawa. Abin da ka iya ke nan, shi na roƙa. Wa ya ce ka yi aiki?

Yanzu dole in faɗa maka abin da aka ɓoye maka, kuma laifin Baba ne. Ranar da ka fara zuwa gidanmu, aka ba ka shayi, ka tashi tsaye ka yi jawabin gajimare da raɓa. Da ka tafi, Yaya ya faɗi ƙasa don dariya. Baba ya ce, "Kada wanda ya gaya masa. Yaron kirki ne, kuma bayaninsa ya fi namu daɗin ji." Shi ke nan muka yi shiru, har shirun ya tsufa.

Ba gajimare ba ne, Malam. Ƙwarin nan ne. In suka ciji toho, itacen yakan fitar da wani zaƙi a wurin ciwon, shi ne ƙamshin zumar. Baba yakan ce kukan ganye muke sha. Ganyen da ka ga ya nannaɗe ya yi rawaya, shi muke jira shekara guda. Ciyawar da ka aske a cikinta suke fakewa, a cikinta kuma gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi suke zama suna rage su don kada su yi yawa su kashe itacen. In ka fesa, duka za su mutu, ganye ya fito kore shar, kyakkyawa, ba ƙamshi. Yaya ya san wannan tun yana ɗan shekara bakwai. Ka gaya masa na ce zan zo.

Ka rubuto yau ɗin nan.

Yu-mui

Kaohsiung, ɗaya ga wata na biyar

Baban Pei-lan,

Muna lafiya. Yaro yana ƙiba. Kai ne ban sani ba.

Rediyo ta ce ruwan sama ya zabtaro ƙasa ya toshe hanyar ƙauyenmu. Na je gidan waya sau biyu na sa a kira shagon bakin kasuwa, layin a mace. Ban sani ba ko wasiƙata ta same ka kafin ashirin da bakwai. Jiya na zuba gishiri sau biyu a miyar mai jego.

Idan ka riga ka fesa, ka faɗa mini kawai. Ba zan yi faɗa ba. To, zan yi, amma zan gama. Na fi son in ji kana da lafiya, ba ka zame a kan tudun nan da famfo a baya ba. Itace dai itace ne.

Yu-mui

Tudun Chiang, bakwai ga wata na biyar

Zuwa ga uwargidana, ma'ajiyar asirin shekara talatin da uku.

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina da rai, ban zame ba, gwiwa da baya sun ƙulla yarjejeniyar tsagaita wuta. Wasiƙunki biyu sun iso tare ranar uku ga wata, da aka buɗe hanya. Ban amsa nan take ba domin hannuwana ba sa iya riƙe alƙalami. Jimlarki ta ƙarshe, wadda kika ce itace dai itace ne, na san abin da ta ci miki kafin ki rubuta ta, kuma na adana ta a cikin littafin da na fi so.

Ga abin da ya faru, bisa tsari.

Ranar ashirin da bakwai rana ta fito bayan ruwan kwana shida. Ban ji daga gare ki ba, saboda haka na goya famfo na hau. Na yanke shawarar farawa daga matakin ƙoli, domin malami daga saman shafi yake fara gyara. Kafin in kai, numfashina ya tsaya a mataki na bakwai yana jirana in dawo. Na zauna a kan dutse. Na tsinki ganyen da ya lalace cike da hannu na zuba a aljihun riga, don in aiko miki da shaida. Sannan, tun da adalci ya hana a hukunta wanda ba a ga fuskarsa ba, na ciro gilashin da nake karanta ƙananan rubutu da shi, na duƙa a kan reshe.

Na ga mai laifin, ɗan kore, yana tsotso hankali kwance. Kusa da shi na ga gizo-gizo ya naɗe ɗan'uwan mai laifin. Sama da shi ƙoƙi-ƙoƙi ya haɗa hannu kamar mai neman gafara, alhali gizo-gizon yake hari. A gindin itacen ƙadangare yana lura da ƙoƙi-ƙoƙi, tsattsewa kuma tana shawagi a kan kowa. Kowa yana cin wani, kowa yana tsaron wani, kuma babu wanda ya nemi shawarata. Na karanta rubutun jikin kwalbar daga sama har ƙasa, ban ga inda aka ce maganin ya san bambancin ɓarawo da ɗan sanda ba. Sai na ce bari in ƙara tunani. Na yi ta tunani har rana ta take tsaka.

A nan ne na ji ƙamshin zuma. Na zaci shayi na zubar a riga da safe. Na shinshina hannun riga, babu. Na sa hannu a aljihu. Ganyen nan mummuna, da rana da zafin jikina suka sa ya yi laushi, shi ne yake tashin ƙamshin da na shekara talatin da uku ina danganta wa gajimare. Na gangara matakai ukun da na aske, inda toho ya fito kore shar ba tabo ko ɗaya, na murza shi na shinshina. Ƙamshin ciyawa kawai.

Uwargida, na karanta a wurare da yawa cewa abu mai amfani yakan zo da kamar marar amfani. Na koyar da haka, har na ba da maki a kai. Ban taɓa zaton zan same shi a aljihuna ba.

Na kai wa Yaya famfonsa cike yadda ya ba ni.

"Har ka gama?" in ji shi.

"Ban fara ba." Na ciro ganyen na kai masa hanci.

Ya shinshina. Can ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Aljihuna."

"Kai! Shekara talatin da uku, ashe aljihun ya fi mai rigar kai." Ya yi dariya, sannan dariyar ta ƙare. "Ni fa ban ce ka fesa ba, Malam. Aro kawai na ba ka."

"Ba ka kuma ce kada in fesa ba, Yaya."

Ya sunkuyar da kai. Sai ya miƙo mini hannuwansa, na ga yatsun sun kumbura sun karkace. Ya ce ba ƙin itatuwan Baba yake yi ba. Juya ganye a faifan gora, sa'a bayan sa'a, shi ne ya fi ƙarfinsa, 'ya'yansa duk suna birni, kuma kunya ta hana shi gaya wa ƙanwarsa cewa ya gaza. Lemu ba ya bukatar a juya shi.

Na ce, "Hanci naka, hannu nawa."

Ya dubi hannuwana ya ce, "Waɗannan? Ko awara ba su taɓa matsawa ba."

Duk da haka, da masu tsinka suka zo ranar biyu, ni na tsaya a kan faifai. Yana zaune a kujerata ta gora yana ba da umarni. "A hankali, Malam, ba jarrabawa kake rabawa ba! Ɗaga shi kamar jikanka!" An zage ni a kwana huɗu fiye da yadda na zagi ɗalibai a shekara goma. A nan na fahimci cewa janye hannu da littattafai suke nufi ba a kujera ake yin sa ba. Sanin inda hannu zai tsaya ne, kuma wannan sai hannun ya fara motsi.

Jiya, washegarin Bikin Kwale-kwale, muka dafa na farko. Ya fito ja kamar garwashi. Yaya ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya zuba wani kofi, ya tashi ya ajiye a gaban allon sunan Baba, ya tsaya a wurin ya ba ni baya na ɗan lokaci. Da ya juyo sai ya ce, "Ka gaya wa ƙanwata mai bakin nan lemu ya jira. In dai ɗalibin nan zai dawo baɗi."

Na kai wa Kakan Ƙasa kofi ɗaya, na tambaye shi ko yanzu mun daidaita. Ɗaya ya kife, ɗaya ya buɗe. Baba Lo ya ce, "Ka ga, ka gyara wandon."

Saura tambaya ɗaya mai nauyi. Idan baƙi suka zo, me zan ce musu? Jawabin gajimare ya yi mini hidima tsawon rayuwa, kuma ina jin nauyin sallamarsa ba tare da sanarwa ba.

Ɗalibin yayanki,
Fan Ching-lu

Kaohsiung, sha ɗaya ga wata na biyar

Baban Pei-lan,

Muna lafiya, kuma yau na yi barcin rana karo na farko cikin kwana ashirin. Na karanta wa Pei-lan wasiƙarka, ta yi dariya har na ce ta bari don jikinta. Gobe bikin cikar wata, za ta wanke kai, ta ci kankanarta. Ina tafe ranar sha huɗu a jirgin safe. Ka jiƙa hannuwanka a ruwan ɗumi da citta.

Zan zo da jajayen ƙwan da ake rabawa a bikin. Biyu na Kakan Ƙasa, biyu na Baba Lo, huɗu naka. Na Yaya ni zan kai masa da kaina, tare da man shafawa da kuma wasu maganganu.

Shayin matakai ukun da ka aske a ware shi daban. Ba za a sayar ba, ba za a ba baƙo ba. Kai za ka sha shi har ciyawa ta dawo.

Game da jawabi, kada ka sallame shi. Ka fara da gajimare da raɓa kamar kullum, ka tashi tsaye, ka ɗaga yatsa yadda ka yi a gaban Baba. Sannan ka kawo ƙwaron. Shekara talatin da uku ina jin rabin farko, ina so in ji yadda za ka ƙarasa.

Taka,
Yu-mui